Tankin ruwan zafi mai aiki da sola da lantarki

Wallahi sanyin hunturu a Gusau ba wasa ba ne, daga Disamba zuwa Janairu yara kuka suke in za a musu wanka da asuba, icce kuma ya yi tsada, shi ya sa bana na dage sai na sa tankin ruwan zafi wanda sola da wutar lantarki duk za su iya dumama shi, don wutar nan ba abin dogaro ba ce.

Abin da mai gyaran famfo ya nuna min ya burge ni, ruwan zafi sama yake tashi, don haka bututun sola, wato wanda ke kawo zafin rana, da ke naɗe cikin tankin a ƙasa ya kamata ya zauna inda ruwa ya fi sanyi, hita ta lantarki kuma a sama, in ƙura ta rufe rana sai ta ƙarasa aikin kawai. Mu shida ne a gida, lita 300 na ɗauka.

Don Allah ku duba kaurin rufin da ke riƙe zafi, da bawul ɗin rage matsi, wannan kam maganar rai ce. Kuma a riƙa kai ruwan digiri 60 saboda ƙwayoyin cuta.