Garantin Ƙari a Kan Mota Mai Gudu: Abin da Nake Gani Daga Ƙarƙashin Bonet

Ina da ƙaramin gareji wanda muke aiki a cikinsa ni da makanikai 3 da yaro guda mai koyon sana'a, kuma yawancin motocin da ake kawo mana irin waɗanda aka ƙera domin ƙarfi da gudu ne, masu manyan injina da giyabos mai sarƙaƙiya. Tambayar da masu motoci suka fi yi mini, bayan ta kuɗin gyara, ita ce ta garanti: wa'adin da kamfanin da ya ƙera motar ya bayar ya kusa cika, an yi musu tayin ƙarin shekaru a kan wani kuɗi, shin su saya ko su bari? Ni ba na sayar da garanti, ba kuma na karɓar kamasho daga masu sayar da shi, sai dai ranar da mota ta lalace ni ne nake tsayawa tsakanin mai ita da kamfanin, ni nake buga waya, ni nake ɗaukar hotunan ɓarnar, ni kuma nake kallon fuskar mai mota lokacin da amsa ta iso. Daga wannan matsayi nake magana.

Abin da ake kira garantin ƙari yarjejeniyar gyara ce da ake saye da kuɗi, kuma darajarta tana cikin rubutunta, ba cikin sunanta ba. Akwai wanda kamfanin da ya ƙera motar yake bayarwa ta hannun dilolinsa, akwai kuma na kamfanoni masu zaman kansu waɗanda ba su taɓa ƙera ko ƙusa guda ba. Rubutun ma iri biyu ne. Wani yana lissafa sassan da zai biya, duk abin da ba a ambata ba babu ruwansa da shi. Wani kuwa yana cewa zai biya komai in ban da abin da ya keɓe. Na biyun ya fi tsada, amma shi kaɗai nake ɗauka da muhimmanci a kan irin waɗannan motoci, domin na sha ganin an lissafa injin da giyabos da manyan haruffa, alhali na'urar lantarkin da take sarrafa giyabos ɗin, wadda ita ce ta fi yawan ba da matsala, ba ta cikin lissafin.

Dalilin da ya sa batun yake da nauyi a nan fiye da na motar yau da kullum shi ne, injin da aka matsa domin ya ba da ƙarfi mai yawa yana aiki ne a kusa da iyakarsa, kuma idan ya faɗi, faɗuwar ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san injin mai silinda 10 da BMW ya sa wa M5 daga 2005 zuwa 2010, da ƙaninsa mai silinda 8 na cikin M3 na 2007 zuwa 2013, waɗanda dukansu suke juyawa sama da sau 8,000 a minti guda. Injina ne masu ban sha'awa, amma an san su da cinye siraran ƙarafan da suke tsakanin sandar fistin da kiranshaf, wato babban ƙarfen da fistin suke juyawa, kuma idan ba a canza su da wuri ba injin yana iya bugawa baki ɗaya. Haka nan Porsche Boxster da 911 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2008 suna da wani boris a cikin injin, wanda ake kira IMS, da idan ya tarwatse yakan ɓata daidaiton lokaci tsakanin fistin da bawul har su yi karo. Boris ɗin kansa tafin hannu zai ɗauke shi, amma kafin a kai gare shi sai an sauke giyabos, idan kuwa ya riga ya yi ɓarna, maganar sabon injin ake yi. A irin wannan mota gyara guda yana iya cinye kaso mai tsoka na darajarta, wannan kuwa shi ne ainihin abin da garanti yake karewa.

Na taɓa ganin amfaninsa da idona. Wani dattijo mai kula da motarsa ƙwarai ya kawo ta yana cewa yana jin wata ƙara siririya da safe idan injin bai yi zafi ba. Muka juye baƙin mai, na yanka matatar man na buɗe takardar cikinta a ƙarƙashin fitila, sai ga ƙananan ɓarɓashin ƙarfe masu launin tagulla suna ƙyalli a cikin kowane ninki. Na kira shi na ce, "Ranka ya daɗe, kada a sake tayar da motar nan, ka kawo mini takardar garantinka da duk rasit ɗin sabis da kake da su." Washegari ya zo da fayil cike, kowane juyen mai da ranarsa da adadin tafiyar motar da irin man da aka zuba. Mai binciken da kamfanin ya turo ya shafe fiye da awa guda yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya kafin ma ya leƙa injin, da bai sami giɓi ba sai ya amince, aka biya aikin. Da rasit ɗaya ya ɓata, ko da an wuce lokacin juye da tazara mai yawa, ina da yaƙinin da maganar ta canza.

Na kuma ga akasin haka, kuma har yanzu abin yana damuna. Wani matashi ya sayi garanti mai kyau, sannan bayan wata biyu ya kai motar aka sauya manhajar ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da take sarrafa shi, domin tabo (turbo), na'urar da take cusa iska cikin injin, ya ƙara hura iska. Da fistin ya fashe, sai ya sa aka mayar da manhajar asali kafin ya jawo motar zuwa wurina, ya ce, "Maigida, ai yanzu babu wanda zai gane." Na gaya masa gaskiya cewa za a gane, kuma ni ba zan rubuta abin da ba haka yake ba, domin sunan garejina shi ne jarina. Motocin zamani suna ajiye tarihin kansu. Ƙwaƙwalwar Porsche tana ƙirga duk lokacin da injin ya wuce iyakar juyinsa, a matakai 6 a motocin da suka fito daga tsakiyar shekarun 2000, kuma manyan matakan suna nuna cewa direba ya sa giyar da ba ta dace ba yana cikin gudu. Audi da Volkswagen suna da alamar TD1 da na'urar dila take liƙa wa motar da aka taɓa manhajarta. Masu Nissan GT-R na farko, wajen 2008, sun sha jayayya da kamfanin a kan giyabos da suka lalace bayan an kashe na'urar daidaita mota domin a fizge ta daga tsaye, domin sharuɗɗan garantin ba su lamunci hakan ba. An ƙi biyan matashin nan, ya rasa kuɗin garanti, ya biya injin daga aljihunsa, ya kuma biya kuɗin kwance injin da aka yi domin bincike, wanda a yawancin yarjejeniyoyi mai mota ne yake ɗaukarsa idan an ƙi da'awarsa.

Shiga filin tsere ma haka yake, ko da ba gasa ake yi ba, domin yawancin takardun da suka ratsa hannuna sun keɓe shi. Wannan yana ba ni takaici, tun da motar domin haka aka ƙera ta, amma takaicina ba ya goge sharaɗin da mutum ya sa wa hannu.

Akwai kuma kuɗin da garanti ba zai taɓa ɗauke wa kowa ba, wato na kayan da amfani yake cinyewa: taya, birki, kulochi da makamantansu. A mota mai gudu waɗannan su ne suke cin kuɗi shekara bayan shekara, musamman idan faifan birkin irin na kabon da tangaran ne, wanda saitinsa kaɗai ya isa ya girgiza mai hali. Wanda ya sayi garanti yana zaton ya gama da kashe kuɗi zai yi mamaki a sabis ɗinsa na farko.

Ɓangaren da masu mota ba sa gani shi ne wanda ya shafe mu masu gareji, kuma daga ƙarshe a kansu yake ƙarewa. Ba ni da ikon taɓa ƙusa guda sai kamfanin ya ba da izini, saboda haka mota takan zauna a kan na'urar ɗagawa mako guda ko biyu a kwance, ta tare wurin da zan yi wani aikin. Wasu kamfanonin suna ƙayyade kuɗin aikin awa ɗaya a kan farashin garejin ƙananan motoci, bambancin kuwa mai mota ne zai cika shi. Wasu suna da ikon aiko da tsohon kayan gyara maimakon sabo, wasu sun sa iyaka a kan abin da za su biya a da'awa guda, iyakar da ba za ta sayi rabin injin irin waɗannan ba. Na taɓa kammala aiki da izinin wani kamfani, kafin kuɗin ya fito kamfanin ya rushe, aka bar ni da mai motar muna kallon juna, muka raba asarar domin ba laifin ɗayanmu ba ne. Tun daga ranar nake tambayar ko akwai kamfanin inshora mai ƙarfi da ya tsaya wa yarjejeniyar, kuma ina neman in ga sunansa a rubuce.

Saboda haka idan mutum ya zauna a ofishina da takardarsa, nakan fara da shafin abubuwan da aka keɓe, sannan in tambaye shi abu biyu. Na farko, idan injin ya buga gobe, zai iya biya ba tare da ya sayar da motar a wulaƙance ko ya ci bashi ba? Na biyu, zai bar motar yadda aka ƙera ta, ya riƙa yin sabis a kan lokaci yana adana shaida? Wanda ba zai iya ɗaukar asarar ba, kuma zai kiyaye sharuɗɗan, ina ba shi shawarar ya saya, ya kuma fifita na kamfanin da ya ƙera motar idan akwai. Porsche, alal misali, yana sabunta nasa har motar ta kai shekara 15, bayan an yi mata bincike mai matakai 111, kuma ana gyaran ne da kayan asali ba tare da jayayya a kan kuɗin aiki ba. Wanda kuwa yake da niyyar ƙara wa injin ƙarfi ko kai motar filin tsere, gara ya ware kuɗin a asusu na daban, ya yi gyaran rigakafi a kan sassan da aka san suna da rauni a irin motarsa, domin garanti ba ya biyan canza abin da bai lalace ba tukuna, alhali canza shi da wuri shi ne yake ceton injin.

Ko wanne ya zaɓa, nakan roƙe shi ya kawo motar kamar wata biyu kafin garantin asali ya ƙare. Mukan ɗaga ta, mu karanta duk abin da ƙwaƙwalwarta ta ajiye, mu duba yoyon mai da na ruwa, mu aika samfurin baƙin mai ɗakin gwaji a auna ƙarfen da ke ciki. Abin da muka samu a lokacin kamfanin da ya ƙera motar ne zai gyara, kuma rahoton da na rubuta yakan zama shaida cewa motar lafiyarta lau ranar da sabon garanti ya fara aiki, ta yadda babu mai binciken da zai ce matsalar tsohuwa ce.