Mutumin da ya zo yana duba agogo

A shekarata ta biyu da fara aikin lauya, wani dattijo ya shigo ofishinmu riƙe da ambulan, ya ɗosana a bakin kujera kamar mai shirin tashi. Malamin makaranta ne da ya kusa ritaya. Ina yi masa bayani yana ta duba agogon hannunsa, har na ce, "Baba, ko akwai inda za ka ne?" Ya ce, "A'a Barista, an ce mini ku da awa kuke caji." Ashe tun da ya zauna ba maganata yake ji ba, mintoci yake ƙirgawa.

Ya tsaya wa wani ƙanensa ne a kan bashin banki, ya sa hannu a takarda ba tare da ya gane cewa in ƙanen ya gaza, shi za a bi da duka kuɗin har da ruwansu ba. Wasiƙar farko ta zo ya ajiye, ta biyu ma haka. Sai da sammaci ya iso, wa'adin mayar da martani ya kusa cika, sannan ya nemi lauya. Da a ce ya zo wurina tun ranar sa hannu, da aikin rabin awa ne. Na tambaye shi abin da ya hana. Bai ce ba shi da kuɗi ba. Cewa ya yi bai san ko nawa abin zai ci ba, kuma mai albashi ba ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba.

Daga ranar na fara lura da irinsa, masu rufin asiri: malamai, ma'aikatan jinya, ƙananan 'yan kasuwa. Mai kuɗi yana da lauyansa tun kafin rigima ta taso. Talaka tukuf, aƙalla a rubuce, akwai tallafin shari'a da aka tanadar masa. Na tsakiya shi ne ba ga tsuntsu ba ga tarko, an ce ya fi ƙarfin kyauta, shi kuma bai kai ga biya ba. Na ɗauka matsalar ƙasashe masu tasowa ce, sai da na yi karatu na ga ba haka ba ne. A Amurka, hukumar da aka kafa a 1974 don tallafa wa mutane a shari'o'in da ba na laifi ba, galibi tana ɗaukar wanda samunsa bai wuce kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci ba ne. Ka ɗara haka kaɗan, ka fita. Ingila kuwa ta faro da kyau a dokar 1949, lokacin da yawancin jama'a suka cancanci tallafin, amma aka yi ta tsuke shi, har dokar 2012 ta cire akasarin rigingimun iyali da na wurin aiki daga ciki. Mutane suka koma tsayawa gaban alƙali su kaɗai.

Abin da ya fi yi mini wuyar koya shi ne faɗin farashi tun kafin a fara. An horar da mu da cewa "sai mun ga yadda shari'ar ta kaya," kuma akwai gaskiya a ciki, don ba wanda ya san sau nawa za a ɗage zama. Amma wannan amsar ita ke korar mutum. Jamus ta burge ni a nan: doka ce ta tsara ladan lauya gwargwadon darajar abin da ake jayayya a kai, ga kuma inshorar shari'a da magidanta da yawa ke biya. Ni ba ni da ikon yin doka, amma ina da ikon rubuta wa mutum a takarda ɗaya cewa duba yarjejeniya kaza ne, rubuta wasiƙa kaza, zama ɗaya a kotu kaza. Maigidana a ofis ya ce zan yi asara. Na yi a wasu ayyukan, ban musa ba.

Na kuma koyi gutsura aikin. Ba kowa ke buƙatar in ɗauki shari'arsa daga farko har hukunci ba. Wani takardar kariya kawai zan tsara masa, in zaunar da shi in nuna masa yadda zai jera hujjojinsa da abin da zai faɗa in an kira shi. Da farko abin yana yi mini kamar na bar mutum a rabin hanya. Daga baya na gane cewa in na ƙi, ba wani lauyan zai nema ba, gida zai koma. Sharaɗi ɗaya ne ba na wasa da shi: a rubuta ƙarara inda aikina ya tsaya, kada ya shiga kotu yana waige yana jirana.

Shari'ar dattijon ba mu kai ta ga hukunci ba, don takardar da ya sa wa hannu ba ta bar mana kafa ba, kuma na gaya masa hakan a zaman farko. Sulhu muka nema, bankin ya yarda a rarraba biyan a kan albashinsa. Bayan kamar shekara guda ya dawo tare da 'yarsa, ta samu aiki an ba ta takardar sharuɗɗa. Ya ajiye mini ita a tebur, ya nuna gurbin sa hannu da yatsa, ya ce, "Barista, ba ta taɓa ba tukuna."