Na Je Samaru Jin Labarin Sanyi

Ranar Asabar bayan sallar asuba na shiga motar Zariya daga Kano, hazo ya rufe hanya har direba ya kunna fitila. Wani tsohon ɗalibina ne ya tashe ni, wanda na koya wa fiziks a sakandare. Yanzu yana digiri na uku a Turai, ya zo hutu, saura masa kwana huɗu ya koma. Ya ce shi zai zo gaishe ni. Na ce a'a, mai tambaya shi ke tafiya.

Muka wuce Kura, muka wuce Kwanar Dangora da Tashar Yari, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. A Kwangila na sauka, na hau a-daidaita-sahu zuwa Samaru, inda gidansu yake, ba nisa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello.

Bayan na gaisa da mahaifinsa aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo koko da ƙosai. Na ce masa yau ai mun sha sanyi. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, sanyin da muke aiki da shi, ko na sararin samaniya bai kama ƙafarsa ba."

Ya fara daga abin da ni kaina nake koyarwa: ƙarshen sanyi shi ne digiri 273.15 ƙasa da sifili. A 1995, a Boulder ta Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman suka sanyaya ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam da hasken leza da maganaɗisu, har ya rage kashi 170 cikin biliyan na digiri ɗaya su taɓa wannan iyaka. Ƙwayoyin suka haɗu suka zama kamar abu guda, yadda lissafin Bose da Einstein ya nuna tun shekaru 70 kafin nan. Su biyun da Wolfgang Ketterle suka karɓi kyautar Nobel a 2001. Wannan na sani. Abin da ya kawo ni shi ne: gajimaren irin waɗannan ƙwayoyin, wanda bai fi kaurin gashi ba, yana rataye cikin gilashin da aka zuƙe wa iska, wanda ko yatsa ba ya isa gare shi, ta yaya ake sanin abin da ke gudana cikinsa?

Sai ya miƙe ya nufi randar da ke lungun zauren, ya ƙwanƙwasa ta daga ƙasa, ya sake ƙwanƙwasawa daga sama. "Malam, kun ji inda ruwa ya tsaya? Ban buɗe ta ba. Aikinmu ke nan, mu buga mu saurari amsa."

Nan ne hira ta yi daɗi. Ya ce suna amfani da litiyam-6, wani nau'in sinadarin litiyam, wanda ƙwayoyinsa ba sa yarda biyu masu kama ɗaya su zauna a matsayi guda. Amma idan aka ɗaga ƙarfin maganaɗisu zuwa wajen gaus 832 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), alhali na duniyar nan ko gaus 1 bai kai ba, sai ƙwayoyin su riƙi juna iyakar ƙarfin da ƙa'idar kwantam, mai bayanin halayen ƙwayoyin zarra, ta yarda, su yi bibbiyu. Ya kwatanta da makaɗi da ke matse tsarkiyar kalangu, murya ta sauya. Sai a aika musu igiyar rediyo. Ƙwayar da ke ita kaɗai tana amsawa a mitar da aka riga aka sani, wato yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa ɗaya. Wadda ke da abokiya sai an ƙara mita kafin ta saku. Wannan ƙarin shi ne ma'aunin ƙarfin riƙon. A Innsbruck ta ƙasar Austriya aka fara nuna shi a 2004.

Akwai kuma bugu na biyu, wanda ya fi burge ni. Ana giciya hasken leza biyu masu ɗan bambancin mita a kan gajimaren. In bugun mai sauƙi ne, gajimaren gaba ɗaya ke amsawa, sauti ya ratsa shi. In mai ƙarfi ne, sai a fizgo ƙwaya ɗaya ko biyun da suka riƙi juna. Na tambaye shi amfanin wannan wahala. Ya ce a 2005 a jami'ar MIT ta Amurka an juya irin wannan gas ɗin, aka ga ƴan guguwoyi sun jeru reras, shaidar cewa yana gudana ba tare da tirjiya ba. Kuma lissafin da ke bayaninsa shi ne ke taimaka wa masu nazarin ɓawon taurarin niyutiron, wato ragowar manyan taurarin da suka fashe, waɗanda babu mai iya zuwa wurinsu.

Na daɗe ban ji irin wannan farin ciki ba. Yaron da na koya wa riƙe ma'aunin zafi ne yake zana mini layukan amsa a bayan takarda, yana cewa "Malam, ku duba nan," ni kuma ina bi da yatsa.

Bayan azahar ya zaga da ni cikin jami'a, muka wuce ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, sannan ya rako ni Kwangila. Hazo ya ɗan washe. Na ninke takardar nan na sa a aljihun gaba, domin ranar Litinin ina da ƴan aji shida, kuma na riga na yanke shawarar zan shiga ajin da tulu.