Lita 2,210 da awa 24: yadda nake daidaita shan mai da cin taya a Le Mans na kwamfuta

Na daɗe ina tuƙa tsofaffin motocin tseren juriya a kwamfuta, musamman a manhajar rFactor ta farko wadda kamfanin Image Space Incorporated ya fitar a 2005, kuma mafi yawan motocin da nake tuƙawa ba kamfanin ne ya ƙera su ba, masu sha'awa ne suka zauna suka zana su suka kuma rubuta musu lissafi a matsayin ƙari ga wasan, abin da ake kira mod. Ina girmama waɗannan mutane ƙwarai, domin aiki ne na watanni da ba a biyan kowa sisin kwabo a kansa. Sai dai akwai aibi guda da nake yawan tararwa a motocin rukunin C (ajin manyan motocin tseren juriya) na shekarun 1980, wato za ka ga surar motar ta fito daidai, ƙarar injin tana ratsa jiki, gudun ma ya yi kusa da na gaske, amma kana iya taka totur har ƙasa tun daga tashi har ƙarshen tsere ba tare da ka ko kalli ma'aunin mai ba. A wurina wannan ya rushe komai, domin rukunin C tun asalinsa an gina shi ne a kan ƙayyade mai.

Lokacin da aka kafa rukunin a 1982, masu tsara doka sun bar kamfanoni su zo da kusan kowane irin inji da suka ga dama, amma suka ɗaure su ta wajen fetur. Tanki ba zai wuce lita 100 ba, tseren kilomita 1,000 lita 600 kawai aka yarda mota ta sha, a Le Mans ta ƙasar Faransa kuwa lita 2,600 aka ware wa kowace mota na tsawon awa 24. Tun a tseren farko da Porsche 956 ta shiga, wato na awa shida a Silverstone ta Ingila cikin 1982, aka ga tasirin dokar. Motar da Jacky Ickx da Derek Bell suka tuƙa ta fi kowace sauri, amma da yake awa shida a wannan fili ya zarce kilomita 1,000 alhali man bai ƙaru ba, dole suka riƙa lallaɓawa, Lancia LC1 wadda ke ƙarƙashin tsohuwar dokar da ba ta ƙayyade mai ba ta cinye tseren, su kuma suka zo na biyu. A 1985 aka sake rage kason da kashi 15 cikin ɗari, ya koma lita 510 a kilomita 1,000, da lita 2,210 a Le Mans.

Shekarar 1985 ɗin nan ita ce ma'aunina, kuma daga gare ta nake fara kowane lissafi. A wannan shekara Porsche 956 ta ƙungiyar Joest, wadda Klaus Ludwig da Paolo Barilla da Louis Krages suka tuƙa, ta doke sababbin motocin 962 na kamfanin Porsche da kansa, kuma babban abin da ya ba ta nasara shi ne ta fi su iya tattalin mai. Ta yi tafiyar kilomita 5,088 a filin da tsawon zagayensa ya kai kilomita 13.626, wato zagaye 373 da ɗoriya. Idan aka raba lita 2,210 a kan wannan adadi za a samu lita 5.9 a kowane zagaye, ko kuma kusan lita 43 a kilomita 100, kuma wannan shi ne iyakar abin da za ta iya sha ko da ta ƙarar da kasonta kaf. Wani abin lura kuma shi ne, a gwajin neman gurbin tashi direban Porsche Hans Stuck ya yi zagaye cikin minti 3 da daƙiƙa 14.8, alhali matsakaicin zagayen motar da ta yi nasara, idan aka haɗa da lokacin tsayawa a gareji, ya kai kusan minti 3 da daƙiƙa 51. Wani ɓangare na wannan tazara tsayawa ce da duhun dare da cunkoson ƙananan motoci, amma wani babban ɓangare direba ne da kansa yake rage ƙarfin turbo yana ɗaga ƙafa kafin kwana domin mai ya kai shi.

Kuskuren da na yi a farko shi ne na garzaya kai tsaye wajen layin shan mai. A fayil ɗin inji akwai layin da ake kira FuelConsumption, lamba ce 'yar ƙarama wadda manhajar ke haɗawa da juyin inji da kuma yadda aka taka totur, sannan ta fitar da abin da aka sha. Tun da haka ne, duk abin da ya sauya juyin inji ko tsawon lokacin da ƙafa ke kan totur zai sauya sakamakon. Na ɓata kusan mako guda ina daidaita lambar, daga baya na gano cewa turjiyar iskar da aka rubuta wa motar ta yi kaɗan, har tana wuce gudun da ya kamace ta a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne ta filin Le Mans, wadda a wancan zamani take da tsawon kusan kilomita shida babu ko lanƙwasa ɗaya ta rage gudu, domin sai a 1990 aka sanya mata guda biyu. Da na gyara iskar da tsawon giya ta biyar, duk aikin makon nan ya tashi a banza. Tun daga ranar nake bin tsari ɗaya: sai gudun ƙarshe da lokacin zagaye sun zauna, sannan na taɓa mai.

Gwajin kansa ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Nakan cika tanki, na ajiye littafi da biro kusa da sitiyari, na yi zagaye goma a jere da irin tuƙin da zan iya riƙewa na tsawon awa guda, ba tuƙin neman suna ba, ina rubuta abin da ya rage a tanki duk lokacin da na ƙetare layi. Zagayen farko ba na lissafa shi, saboda fitowa daga gareji da sanyin taya. A motar da nake magana a kai, zagaye tara da suka rage sun nuna mini lita biyar da 'yan kai a kowanne, kuma da totur a ƙasa ko'ina, ma'ana direba zai gama awa 24 da rarar ɗaruruwan lita ba tare da ya yi tattalin komai ba. Gyaran lissafin rabo ne kawai: a ninka tsohuwar lambar da adadin da ake so, a raba da adadin da aka auna.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane adadi ake so, kuma a nan ne na saɓa da wasu masu gyara. Su sukan sanya lita 5.9 a matsayin abin da mota ke sha idan an taka ta iya ƙarfi, suna ganin sun bi tarihi. Ni a ganina sun juya abin ne, domin 5.9 sakamakon tattali ne, ba sakamakon sakin ƙafa ba. Saboda haka nakan sa motar ta sha wajen lita shida da rabi idan aka taka ta babu sassauci a matsakaicin ƙarfin turbo, yadda duk wanda yake son kasonsa ya kai shi ƙarshe sai ya nemo kusan kashi ɗaya cikin goma da ƙafarsa da kansa. Zai same shi ta hanyar ɗaga ƙafa mita ɗari ko ɗari biyu kafin wurin taka birki a ƙarshen Mulsanne da gab da kwanar Indianapolis, da sauya giya da wuri wajen fitowa daga kwanar Arnage, da kuma laɓewa a bayan wata motar domin ta keta masa iska. Layin BoostEffects shi ke faɗin yawan man da kowane mataki na turbo zai ƙara da kuma yadda zai gajiyar da inji, kuma ina sa matakan sama su yi tsada sosai, yadda za su yi amfani wajen neman gurbin tashi ko wuce abokin hamayya, amma wanda ya zauna a kansu zai ga tankinsa na zurarewa.

Akwai kuma saurin zuba mai a gareji, wanda ake yawan mantawa da shi. A farkon shekarun rukunin an ƙayyade shi a lita 50 cikin minti ɗaya, wato cika tankin da ya bushe yana cin minti biyu cur. Yawancin motocin da nake saukewa suna zuwa da saurin zamani, ana cika su cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan aka mayar da shi kusan lita 0.83 a daƙiƙa a sashen gareji na fayil ɗin HDV, wato babban fayil ɗin lissafin motar, nan take kowace lita da direba ya tsimar ta zama daƙiƙa ɗaya da ɗoriya da ya rage a tsaye.

Ranar da na fara gwada tsere da motocin da kwamfuta ke tuƙawa bayan wannan gyara, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Wajen zagaye na goma sha shida na fito daga kwanar Tertre Rouge zuwa Mulsanne sai na tarar da wata mota tana tafiyar hawainiya a gefen dama, gaba kaɗan ga wata, kafin na kai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar na ƙirga biyar, duk mai ya ƙare musu. Dalilin shi ne kwamfuta ba ta duba abin da motar ke sha a zahiri wajen tsara lokacin tsayawa, tana dogara ne da ƙiyasi, wanda ke fitowa daga layin FuelEstimate a fayil ɗin inji da kuma layin FuelUse a fayil ɗin AIW na filin tseren. Na ƙara shan mai amma na bar ƙiyasin yadda yake, don haka direbobin kwamfuta suna zaton suna da sauran zagaye uku alhali tanki ya bushe. Shawarata ita ce a gyara na injin, a bar na filin, domin na filin ya shafi kowace mota da za ta taka wurin.

Batun taya ya fi na mai wuya, domin a nan babu wata doka da ta ba mu adadi guda da za mu raba. Matsayata dai ita ce a wannan rukuni mai ne ya kamata ya kira direba gareji, ba taya ba. Le Mans fili ne mai dogayen miƙaƙƙun hanyoyi, kuma haɗarin da taya ke fuskanta a can ya fi karkata ga zafi da matsanancin gudu fiye da cinyewar roba. A 1988, shekarar da Roger Dorchy ya kai kilomita 405 a awa da motar WM, ƙungiyar Sauber ta janye motocinta gaba ɗaya kafin tsere bayan tayar motar direbanta Klaus Niedzwiedz ta fashe a Mulsanne lokacin gwaji. Idan mod ya sa taya ta mutu cikin zagaye takwas domin a ƙara wa tsere armashi, to ya ari halin wani zamani ya ɗora wa wannan.

A fayil ɗin taya, wato TBC, abubuwa biyu ne daban, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke jawo ruɗani. WearRate shi ke faɗin saurin da roba ke cinyewa, WearGrip1 da WearGrip2 kuma jeri ne na lambobi goma sha shida da ke faɗin yawan riƙon da ya rage a kowane mataki na cinyewar, daga sabuwa har zuwa ƙarshenta. Kafin na taɓa ko ɗaya daga cikinsu sai na tabbatar zafin taya yana zama kusa da inda aka ce ta fi riƙo, domin tayar da ta yi zafi fiye da kima tana rasa riƙo, ta riƙa zamewa, zamewar kuma ta ƙara cinye ta, sai mutum ya ɗora laifi a kan lambar da ba ta da laifi. Bayan nan nakan daidaita saurin cinyewa yadda tanki ɗaya zai ci ƙasa da rabin taya, na kuma tsara jerin riƙon ya ɗan faɗi da sauri a matakai biyu na farko, ya daɗe a shimfiɗe a tsakiya, sannan ya gangara sosai a kashi na ƙarshe. Da haka direba yana da zaɓi na gaske: ya sauya taya a kowace tsayawa, ko ya yi tanki biyu da saiti ɗaya cikin sanyin dare ya haƙura da asarar daƙiƙa ɗaya ko biyu a zagaye. Ina kuma duba tayoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya, domin ana zagaya filin ne ta hannun dama, don haka na hagu su ya kamata su fi jin jiki, kuma lita 100 ta fetur nauyin kusan kilo 75 ce, wanda ya kamata a ji bambancinsa a lanƙwasoshin Porsche tsakanin farkon tanki da ƙarshensa. Su ma direbobin kwamfuta suna da nasu layukan, AIWear da AIPitThreshold, kuma idan ba a daidaita su da na ɗan Adam ba za su riƙa shiga gareji neman taya alhali kai kana da sauran rabi.

Kaɗan ne daga cikinmu ke da awa 24 na zama gaban kwamfuta, shi ya sa ake ninka shan mai da cin taya sau biyu ko uku a gajeren tsere. Ina yin hakan ni ma, amma duk gwajin da na bayyana a sama ina yin sa ne ba tare da ninki ba, sai komai ya zauna sannan na kunna shi. Wanda ya ninka sau uku kuma ya tuna cewa zuba mai bai ninku ba, har yanzu minti biyu ne, alhali tankin da ke kai zagaye goma sha shida ya koma biyar, don haka tsayawa za ta yi nauyi fiye da yadda take a tarihi. A irin wannan tsere nakan ajiye kwafin fayil na biyu wanda na ninka saurin zubawa a cikinsa daidai da ninkin shan man, na rubuta adadin ninkin a jikin sunan fayil ɗin domin kada na ruɗe na shiga dogon tsere da shi.