Katin da babu tambari

Yau an kawo wani ɗan kwikwiyo Jaman Shefad asibitin dabbobi, amai da gudawa mai jini, dasashinsa fari fat. Fabo ce, wato wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin karnuka, wadda allurar rigakafi ke karewa. Mai shi ya miƙo katin rigakafin da mai kiwon ya ba shi: an rubuta kwanan wata da biro, amma babu takardar da ake ɓarowa daga jikin kwalbar allura a manna, babu sa hannun likita. Kwikwiyon sati biyar kacal, kuma a bakin titi aka yi cinikin, bai ga uwar ba.

Mai kiwo na gaskiya ba ya raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8. Allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har sati 16, ta haukan kare kuma daga sati 12. Maganin tsutsa tun sati 2. Irin wannan mai kiwon zai kai ka gidan ka ga karyar da idonka, ka kalli tafiyarta, domin wannan jinsin na gadon ciwon ƙugu. Har yanzu katin nan nake tunani, da yadda aka tsara rubutunsa tsaf.