Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na gama maganin kuturta

Assalamu alaikum jama'ar Tawa. Alhamdulillahi, na kammala wata 12 na shan maganin kuturta, majo, wato babban malamin jinya, ya duba ni ya ce na warke. Na ambaci sunan cutar da gangan, don raɗe-raɗin da ake yi a kaina ya ƙare haka nan.

Godiyata ta farko ga majon likitar unguwarmu. Wani tabo ne mai haske a bayana, ba ƙaiƙayi ba zafi, kowa na cewa makero ne. Majo ne ya ce in rufe ido, ya goga auduga a wurin, ban ji komai ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani: ƙwayar cuta ce da wani likita ɗan Norway, Hansen, ya gano tun 1873. Ba gado ba ce, ba sammu ba, ba cin kifi da nono ba. Ta hanci da baki take fita daga wanda bai fara magani ba, sai an daɗe ana zama tare, kuma yawancin mutane jikinsu ba ya kamuwa. Da an fara shan magani, yaɗawa ta tsaya. Ko dala ban biya ba, domin tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba shi kyauta.

Amma ni mai shayi ne, kun san abin da hakan ke nufi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana sa fata ta yi duhu, kafin in buɗe baki fuskata ta tona asiri. Teburina ya yi fayau. Wanda muka shekara muna hira ya koma ɗaga mini hannu daga tsallaken hanya. Ban riƙe kowa ba, tsoro ne, amma ya yi mini ciwo fiye da cutar.

A nan ne Malam limaminmu ya yi abin da ba zan manta ba. Bayan asuba ya zo da jama'a biye da shi, ya ce in haɗa masa mai madara, ya shanye a kofina kowa na kallo, washegari ma ya dawo. Malam, Allah Ya saka da Aljanna. 'Yan kabu-kabun tasha, ku ma kun biyo sahu, har da masu cin bashi, na gode.

Uwargida, danginki sun ce ki tattara ki dawo gida, kika ce ba inda za ki. Ke kika riƙa tuna mini ranar karɓar magani duk wata, kika kai yara aka duba su. Inna, addu'arki ta kama ni.

Yatsuna goma suna nan cif, saboda an gano da wuri. Duk mai tabon da ba ya ji, in kunyar zuwa likita yake yi, ya same ni bakin tasha da safe, ni zan raka shi wurin majo. Allah Ya bar zumunci, Ya ba sauran marasa lafiya sauƙi. Amin.