Faramir na Littafi da Faramir na Fim

Na sake kallon The Two Towers na Peter Jackson, wanda ya fito a 2002, kuma abin da aka yi wa Faramir, wani jagoran mayaƙan ƙasar Gondor a labarin, yana damuna ƙwarai. A littafin Tolkien na 1954, Faramir ya gano zoben nan mai ba da iko yana wurin Frodo, wanda aka ɗora wa nauyin halaka zoben, ga mayaƙa kewaye da shi, amma ya kame kansa, ya sallami Frodo da abokin tafiyarsa Sam da guzuri da sandunan tafiya. A fim kuwa ya tasa ƙeyarsu zuwa birnin Osgiliath da nufin kai wa mahaifinsa zoben don neman yardarsa. Tolkien, mabiyin ɗariƙar Katolika, ya nuna mana zuciyar da kwaɗayin iko bai rinjaya ba, kuma a ganina wannan darajar ce masu fim suka rage domin labarin ya ƙara zafi.